Motsa jikin gargajiyar Sinawa da ciwon wuyan matasa: me yake yi, ina kuma ya tsaya?

A biranen ƙasar Sin, duk mai sammako ya san tsofaffin nan da ke taruwa a filayen shaƙatawa, suna ɗaga hannuwa sama a hankali, suna waiwaye hagu da dama ba gaggawa. Shekara da shekaru matasa na kallon abin a matsayin sha'anin kakanni. Bayan annobar korona sai labari ya sha bamban. A farkon 2020 an riƙa nuna majinyata a asibitocin wucin gadi na birnin Wuhan suna yin wani motsa jiki mai suna Baduanjin a gefen gadajensu, daga baya kuma bidiyoyinsa suka bazu a Bilibili, dandalin da ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka fi kallo a can. Yau ba abin mamaki ba ne ɗalibin jami'a ya jingina waya a jikin littafi a ɗakin kwanansa yana bin malamin da ke cikin bidiyo. Cikin dalilan da suke yawan bayarwa akwai ciwon wuya da na kafaɗa da rashin barci, kuma hakan ya dace da ƙasar da wasu kamfanonin fasaha suka yi ƙaurin suna wajen aikin ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana 6 a mako.

Bidiyoyin sun ƙetaro har wayoyinmu, galibi da alkawarin cewa 'yan mintoci a rana za su raba mutum da ciwon wuya har abada. Akwai gaskiya a zancen, akwai kuma ƙarin gishiri, kuma matashin da wuyansa ke hana shi karatu ko ɗinki ko zaman shago ya cancanci a rarrabe masa su. Abin da na gamsu da shi shi ne wannan motsa jiki yana rage ciwon wuya na yau da kullum, amma gwargwadon yadda motsa jikin da likitocin gashin ƙashi ke koyarwa a asibiti yake ragewa, bai fi shi ba. Darajarsa tana wani wuri daban, kuma ba za a gane ta ba sai an fara fahimtar shi kansa ciwon.

Ƙididdigar nauyin cututtuka ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya, mata sun fi maza yawa, kuma an yi hasashen adadin zai kai miliyan 269 a 2050. Ciwo ne mai tafiya ya dawo. Wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa da ya fitar da rahotonsa a 2008 ya gano cewa kashi 50 zuwa 85 cikin 100 na waɗanda suka yi ciwon wuya suna sake kokawa da shi cikin shekara 1 zuwa 5. A riƙe wannan batu, domin duk ciwon da ke lafawa da kansa ya kan sa maganin da aka sha a ranar da ya tsananta ya samu yabon da ba lallai nasa ba ne.

Mafi yawan ciwon wuyan matasa irin wanda likita ba zai iya nuna wuri guda ya ce ga ɓarnar ba ne. Babu karaya, babu gocewar ƙashi, babu jijiyar da aka danne. Wuya yana da ƙasusuwa 7 a jere, tsakaninsu akwai faya-fayen guringuntsi masu taushi, sai tsokoki manya da ƙanana da ke riƙe da kan da nauyinsa ya kai kilo 5 ko kusa da haka. Matashi ya kan je a yi masa hoto, a ce masa faifai ya ɗan bullo, sai hankalinsa ya tashi, ya daina juya kai don kada ya ƙara lalata wani abu. To a Japan an yi wa mutum 1,211 masu ƙoshin lafiya, waɗanda ba sa jin ciwon komai, hoton MRI na wuya, aka buga sakamakon a 2015. Kusan kashi 88 cikin 100 an ga bullowar faifai a wuyansu. Har a cikin 'yan shekara 20 zuwa 29 fiye da kashi 70 cikin 100 suna da ita. Ke nan abin da hoto ya nuna sau da yawa yanayin jikin ɗan Adam ne kawai, kuma tsoron da ya haifar ya fi shi illa.

Sai batun waya. Kusan kowa ya ci karo da zanen nan da ke nuna cewa idan mutum ya sunkuyar da kai sosai, wuyansa na ɗauke da nauyin kilo 27. Adadin ya fito ne daga lissafin da wani likitan tiyatar ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya buga a 2014, kuma lissafin kwamfuta ne, ba a bi mutane an ga wa ya kamu da ciwo wa bai kamu ba. Da masu bincike a Birazil suka ɗauki matasa 150 'yan shekara 18 zuwa 21, suka ɗauki hotonsu suna rubuta saƙo a waya, suka sa ƙwararru suka tantance yanayin sunkuyon kowa, ba su samu alaƙa tsakanin sunkuyon da ciwon wuya ba. An buga wannan a 2018. Ba wanke waya nake yi ba. Abin da ya fi ƙarfi a hujja shi ne daɗewa a yanayi guda, ko a sunkuye ko a miƙe, tare da damuwa da ƙarancin barci da rashin motsa jiki.

Ka ɗauki buta cike da ruwa ka miƙe hannu da ita. Ba ta da wani nauyi, amma kafin minti biyar kafaɗarka ta fara wuta. Haka tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu take yi a jikin mai zaman kwamfuta: ba ta aiki mai nauyi, amma ba ta samun hutu ko na ɗan lokaci. Masu bincike a Suwidin sun nuna tun a shekarun 1990 cewa matsin tunani kaɗai, ko da mutum bai ɗaga komai ba, yana ƙara ɗaurewar wannan tsoka. Ɗalibin da jarrabawa ta matso, ko ma'aikacin da maigida ke jiran aikinsa, kafaɗunsa na hawa sama bai sani ba. Numfashinsa kuma ya koma gajere, na saman ƙirji, wanda ke jawo tsokokin gefen wuya cikin aikin da ba nasu ba ne na kullum. Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa duk abin da zai sa mutum ya tashi, ya motsa wuya da allon kafaɗa ta kowace fuska, ya sassauta numfashi, hankalinsa ya kwanta, to ya taɓa ciwon ta inda ya dace. Nan ne motsa jikin Sinawa ya shigo.

Ba abu guda ba ne, dangi ne babba. Tushensa ya daɗe ƙwarai. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka samu wani ƙyallen siliki da zanen mutum 44, maza da mata, kowa na wani irin miƙa ko lanƙwasa, wasu da rubutun ciwon da motsin ke yi wa magani, kamar ciwon gwiwa. Ana danganta wa shahararren likita Hua Tuo, wanda ya rasu wajajen shekara ta 208, motsin kwaikwayon dabbobi biyar: damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu. Sunan Baduanjin ya bayyana a rubuce-rubucen zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Shi kuwa Taici, wanda ya fi suna a waje, asalinsa dabarar faɗa ce da ake dangantawa da ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan a ƙarni na 17. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don jama'a su iya koyo, kuma a Disambar 2020 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Wanda matasa ke bi a bidiyo yau sabon tsari ne. A shekarun 1980 da 1990 an yi yayin Cigong, wato babban sunan da ya tattara waɗannan motsi masu haɗe da numfashi, wanda Sinawa ke rubutawa Qigong da haruffan boko. Malamai barkatai suka fito, wasu na iƙirarin warkar da cuta daga nesa. Bayan gwamnati ta haramta Falun Gong, wata ƙungiya da ta taso daga wannan yayi, a 1999, sai ta ɗauki ragamar harkar, kuma a 2003 hukumar wasanni ta fitar da tsari huɗu na hukuma, ciki har da Baduanjin. An tace su, an tsara adadin maimaitawa, an haɗa su da kiɗa mai taushi. Baduanjin na hukuma motsi 8 ne, ana gama shi cikin minti 12 ko kusa da haka, a tsaye, ba tabarma ba ƙarfe.

Tun daga tsayuwar farko mai ciwon wuya ya fara samun abin da yake bukata. Ana ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, a ɗan sassauta gwiwa. Malamai kan ce ka ji kamar an ɗaga tsakiyar kanka sama, haɓa ta ɗan shigo ciki, kafaɗu su sauka, gwiwar hannu ta yi ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa sashen gashi a asibiti da ciwon wuya zai gane wannan umarni, domin shigo da haɓa a hankali shi ne yadda ake tada ƙananan tsokokin da ke can ciki a gaban ƙashin wuya, waɗanda bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya ya nuna suna yin rauni ga masu daɗaɗɗen ciwon wuya, manyan tsokokin sama su karɓe musu aiki.

Motsi na huɗu shi ne na wuya kai tsaye, kuma ya kamata a dube shi daki-daki. Mutum na tsaye, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tafukan hannu na kallon ƙasa a gefen kwankwaso. Sai ya miƙe ƙafafu, ya saki hannuwa ƙasa, ya murɗa su waje har tafukan su kalli gefe, allunan kafaɗa su matso juna a baya, ƙirji ya buɗe. A daidai lokacin ne kai ke juyawa hagu a hankali, ido na neman abin da ke baya. Ya ɗan dakata a nan. Sannan ya dawo tsakiya, gwiwa ta sake lanƙwashewa, a koma dama. Sau uku kowane ɓangare. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su juya da gangar jiki duka tare da kai, ko su gantsare baya, wanda ke sa wuyan bai yi aikin komai ba. Idan an yi shi daidai, ƙirji na fuskantar gaba, wuya ne kaɗai ke tafiya har iyakar da zai iya ba tare da zafi ba. Mai zaman waya ya kan yini bai juya kansa zuwa wannan iyaka ko sau ɗaya ba. A ƙeya kuwa akwai ƙananan tsokoki cike da jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda kai yake, kuma masu daɗaɗɗen ciwon wuya kan rasa daidaiton wannan ji. Juyi a hankali, ido na tafiya tare da kai, hankali na kan abin da ake yi, kusan shi ne horon da ake ba su a asibiti.

Motsi na biyu na ja baka ne. Ana buɗe ƙafafu sosai a ɗan zauna kamar mai hawan doki, hannu ɗaya ya tura gefe, ɗayan ya ja baya kamar mai jan tsirkiya, kai ya juya ya bi hannun da ya tura. Tsokokin tsakanin allunan kafaɗa ne ke aiki a nan, waɗanda zaman sunkuye ke bari a sake. Na farko kuwa haɗa yatsu ne a tura sama da kai, ido ya bi hannu sannan haɓa ta dawo. Sauran sun fi shafar ƙugu da ƙafafu da damtse.

Likitancin gargajiyar Sin yana bayyana amfanin duk wannan da cewa akwai wani ƙarfin rayuwa da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, ciwo kuma toshewarsa ne. Ilimin sassan jiki bai gano waɗannan hanyoyi ba, kuma ba sai mutum ya yarda da su zai amfana ba. Motsin gaɓoɓi, aikin tsoka mai sauƙi, numfashi mai zurfi da ke saukowa ciki, da janye tunani daga abin da ke damun mutum zuwa abin da jikinsa ke yi, sun isa su bayyana abin da ake gani.

To me aka gani da aka gwada? Gwaje-gwajen da suka fi inganci a kan wuya, abin mamaki, a Turai aka yi su. A birnin Essen na Jamus, Romy Lauche da abokan aikinta sun raba mutum 114 masu daɗaɗɗen ciwon wuya gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu Taici, wasu motsa jikin wuya irin na asibiti, wasu kuma aka ce su jira. Bayan mako 12, a ma'aunin ciwo mai maki 100, 'yan Taici sun fi masu jira sauƙi da maki 10 da ɗoriya. Tsakaninsu da masu motsa jikin asibiti kuwa ba a ga bambanci ba. An buga wannan a 2016. Kafin nan, a 2011, an buga wani daga asibitin Charité na Balin, mutum 123 'yan shekara 20 zuwa 60, Cigong na tsawon wata 6. Sakamakon kusan iri ɗaya: ya fi zaman jira da maki 14, ya yi kunnen doki da motsa jiki na yau da kullum. A Suwidin ma, a 2007, mutum 122, ɓangarorin biyu duk sun samu sauƙi, babu wanda ya tsere wa ɗan'uwansa. Akwai kuma gwajin da bai yi daɗi ba: a Balin ɗin dai, a 2009, an gwada shi a kan tsofaffi 117, ba a samu bambancin a zo a gani ba tsakanin masu Cigong da waɗanda ba su yi komai ba.

Maki 10 zuwa 14 cikin 100 ragi ne matsakaici. Mutum zai ji shi, amma ba warkewa ba ce. Da ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna ingancinsu, ta duba motsa jiki don ciwon wuya a 2015, ta ce babu hujja mai daraja ta ɗaya ga kowane iri, amma abin da ya fi samun goyon baya shi ne ƙarfafa tsokokin wuya da kafaɗa da allon kafaɗa. Miƙa kawai ba tare da ƙarfafawa ba ba ta tsinana abin kirki ba. Cigong kuwa ta ce yana ɗan inganta yadda mutum ke gudanar da harkokinsa, kaɗan.

Wani abu da masu tallan bidiyo ba sa faɗa shi ne shekarun waɗanda aka gwada. A gwajin Essen matsakaicin shekaru ya kusa 50, kuma mafi yawansu mata ne. Ɗan shekara 20 jikinsa daban, dalilin ciwonsa daban, kuma ciwonsa ya fi saurin lafawa da kansa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɗalibai galibi daga jami'o'in ƙasar Sin suke, mutanen ciki ba su da yawa, lokacinsu gajere ne, kuma ba kasafai ake bin ɗaliban bayan an gama a ga ko sauƙin ya ɗore ba. Ga kuma matsalar da ta shafi duk gwajin motsa jiki: ba yadda za a ɓoye wa mutum cewa yana yi, ba kamar ƙwayar magani ba da za a iya ba shi ta bogi. Wanda aka ce ya jira ya san ba a yi masa komai ba, wanda ake koya wa kuma yana samun malami da abokai da kyakkyawan zato, kuma ciwo abu ne da mutum ke faɗa da bakinsa. Tun a 1998 Andrew Vickers da abokansa suka lura cewa duk gwaje-gwajen maganin tsira allura da suka duba daga ƙasar Sin sakamako mai kyau suka bayar, abin da ba ya faruwa a kimiyya sai idan waɗanda ba su yi nasara ba suna maƙalewa a aljihun tebur. Binciken Sin ya ci gaba sosai tun daga lokacin, amma wannan dalili ne na karanta irin waɗannan rahotanni da ido biyu.

Idan bai fi motsa jikin asibiti ba, me zai sa a zaɓe shi? Amsata ita ce ɗorewa. Takardar motsa jikin da ake ba majinyaci a asibiti, juya kai sau goma, ɗaga kafaɗa sau goma, tana da amfani, amma tana da gundura, kuma likitocin gashi sun san yadda mutane ke ajiye ta da zarar ciwo ya ɗan lafa. Baduanjin yana da farko da ƙarshe, yana da tsari da ake ƙwarewa a kai a hankali, yana motsa jiki duka, kuma mutum na gama shi ya ji wani sakayau da ke sa ya so komawa gobe. Ba ya cin ko kwabo. Ba ya bukatar wuri fiye da inda mutum zai buɗe hannuwansa, don haka budurwar da ba ta da damar zuwa gidan motsa jiki za ta yi shi a ɗakinta da suturarta. Ga wanda ciwonsa ke tashi duk lokacin da damuwa ta yi yawa, sassauta numfashin da ke cikinsa wani ƙari ne da juya kai sau goma ba ya bayarwa. Ga wanda hoton asibiti ya tsorata har ya daina motsa wuya, hanya ce mai laushi ta komawa motsi.

Inda ya gaza shi ne ƙarfi. Babu nauyin da ake ƙarawa, don haka tsoka ba za ta yi ƙwarin da ɗaga abu ke ba ta ba. A Danmak, Lars Andersen da abokansa sun gwada ma'aikata 198 masu yawan ciwon wuya da kafaɗa da robar motsa jiki mai talewa, suna ɗaga hannu gefe da ita kwana 5 a mako har mako 10. Waɗanda suka yi minti 2 kacal a rana ciwonsu ya ragu da maki 1.4 cikin 10 idan an kwatanta da waɗanda ba su yi ba, masu minti 12 kuma da maki 1.9. An buga shi a 2011. A ganina matashin da ya haɗa biyun, Baduanjin da safe ko bayan aiki, da ɗan jan roba na 'yan mintoci, ya fi wanda ya rungumi ɗaya ya raina ɗaya. Kuma ko wanne ya yi, idan zai koma ya zauna awa huɗu bai tashi ba, ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyun dare, minti 12 ba za su biya wannan bashi ba.

Mai karatu Musulmi zai iya tambaya ko babu bauta a ciki, kuma tambaya ce da ta dace. A tarihi waɗannan motsi sun yi cuɗanya da addinin Dao da na Buda, kuma har yau akwai makarantun da ke koyar da su tare da aƙida. Tsarin hukuma na 2003 an gabatar da shi ne a matsayin wasan motsa jiki, babu addu'a ko kiran wani abin bauta a cikinsa. Hukunci na malamai ne, amma akwai tarihin da ya kamata a sani. Musulmin ƙasar Sin 'yan ƙabilar Hui sun daɗe da shahara a wasannin faɗa na gargajiya. Ɗaya daga cikinsu, Wang Ziping, wanda aka haifa a 1881 ya rasu a 1973, gwani ne a fagen kuma sanannen maɗori a Shanghai. Almajirinsa, likita Zhuang Yuanming, shi ya tsara wani motsa jiki mai suna Liangong a tsakiyar shekarun 1970, motsi 18, waɗanda 6 na farkonsu don ciwon wuya da kafaɗa aka yi su takanas. Ya bazu har Birazil, inda ake koyar da shi a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da bayanin ƙarfin rayuwa ba zai iya neman wannan, domin likitan ƙashi ne ya gina shi a kan gaɓoɓi da tsoka.

Mai son farawa ya nemi bidiyon tsarin hukuma, ya koyi motsi biyu ko uku da farko maimakon ya haɗiye takwas ɗin a rana ɗaya. Ya tsaya gaban madubi, ko ya sa ɗan'uwansa ya duba masa ko kafaɗunsa na hawa sama, domin bidiyo ba ya gyara wa kowa kuskure. Kada ya tilasta numfashi ya bi motsi tun farko, zai daidaita da kansa. Ɗan tsamin jiki a kwanakin farko ba komai ba ne, amma zafi mai suka ko wanda ke harbawa zuwa hannu alama ce ta a rage nisan juyin. Biyu daga cikin motsin suna son taka-tsantsan ga mai ciwon wuya: na biyar, inda ake sunkuyawa a kewaya da kai, da na takwas, inda ake ɗagawa a kan yatsun ƙafa a saki dunduniya ta bugi ƙasa. Mai jin jiri ya taƙaita na biyar ko ya tsallake shi, na takwas kuma a sauko a hankali. Gwaje-gwajen da suka nuna amfani sun ɗauki wata 3 zuwa 6, don haka wanda ya yi mako guda bai ga canji ba bai gwada ba tukuna.

Duk wannan bayani na ciwon wuya ne na yau da kullum. Akwai wanda ba a yi masa motsa jiki, asibiti ake nufa. Idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko haɗarin mota, sai an duba ƙashi kafin a juya wuyan ko a kai wa mai ɗori. Idan hannu na mutuwa ko ya rasa ƙarfi, ko abu na suɓucewa daga yatsu, ko maɓallin riga ya gagari mutum, ko tafiya ta fara tangaɗi, ana iya samun matsi a kan jijiya ko laka, kuma jinkiri a nan na iya barin naƙasa. Ciwon da ke tada mutum cikin dare tare da rama da zufa da zazzaɓi mai daɗewa yana bukatar bincike, domin tarin fuka na kama ƙashin baya. Haka ciwon wuya ko na kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya tare da ganin abu biyu-biyu ko karkacewar baki ko sarƙewar harshe. A yankinmu kuma, daga Sakkwato da Zamfara da Kano har Maraɗi da Damagaram, muna cikin ɗamarar ƙasashen da sanƙarau ke ɓulla a lokacin rani, kuma yara da matasa ya fi kamawa. Wuyan da ya ƙage tare da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, ƙin haske ko ruɗewa, a kai mai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma allurar da ke maganinta tana aiki ne idan an fara ta da wuri.